Agogon Auna Hasken Rana: Mu A Abijan, Rana Muka Rasa Ko Fita?

Ƙanena yana sayar da wayoyi da kayan gyaransu a wani ɗan shago a Adjamé. Wani dare a tsakiyar daminar bara, bayan isha'i, ya shigo gidanmu na Treichville da agogon Apple ɗaure a hannu, gwanjo ne wani ya kawo masa shago ya saya. Yana ta nuna mana abubuwan da agogon ya iya: ƙirga taku, auna bugun zuciya, lissafin barci. Can sai ya buɗe wani shafi a wayarsa ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, kai ne malami, duba mini wannan." Shafin yana nuna mintocin da mutum ya yi cikin hasken rana a kowane yini. Litinin minti 9, Talata 14, Laraba 6. Juma'a ce kaɗai ta haura minti 40, ita ma don masallaci ya cika ne ya bi sahu a kan titi.

Dukkanmu muka kwashe da dariya. Mahaifiyarmu ta ce, "To, yanzu kuma rana ce sai an saya mata ma'auni? A garin nan da take ƙona mana ƙeya?" Ni ma na yi dariyar, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Watanni ke nan yaron yana kukan barci ba ya ɗaukarsa sai wajen ƙarfe biyu, da safe jiki ba ƙwari, abu kaɗan sai faɗa, har kallon ƙwallon da yake so ya daina. Mun ce kasuwa ce ba ta tafiya, mun ce rashin aure ne, mun yi masa addu'a da nasiha. Babu wanda ya kawo a ransa cewa saurayi mai jini a jika yana iya yin mako guda cur a Abijan bai yi awa biyu a sarari ba.

Tun daga ranar nake bibiyar maganar, kuma ga inda na tsaya: abin da agogon nan yake aunawa gaskiya ne, ya kuma shafe mu fiye da yadda muke zato. Amma mai ƙaramin ƙarfi kada ya zuba kuɗinsa a kansa, domin cutar da aka ƙera shi dominta daban take da tamu, kuma maganin tamu yana bakin ƙofa, kyauta.

Bari mu fara da asalin abin. Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Norman Rosenthal, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya koma Amurka a 1976. Da hunturu ya kama shi a New York sai ya ji ƙarfinsa ya ragu, ransa ya yi nauyi, da bazara ta shigo kuma ya warware. A 1984 shi da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka suka fitar da bayanin wani nau'in ciwon damuwa mai bin yanayi. Yana zuwa idan yini ya gajarce, yana tafiya idan ya tsawaita. Mai shi yakan yi ta barci ba ya ƙoshi, ya riƙa kwaɗayin zaƙi da abinci mai nauyi, ya yi ƙiba, ya guji mutane. Maganin da ya fi shahara shi ne mutum ya zauna gaban wata fitila mai tsananin haske na kimanin minti 30 kowace safiya. Daga nan masu bincike suka riƙa ɗaura wa mutane 'yan na'urori a hannu don su san yawan hasken da kowa ke samu, 'yan kasuwa kuma suka biyo baya da irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. A 2023 kamfanin Apple ya saka wannan lissafi cikin agogonsa, shi ne ya gangaro har shagon ƙanena.

Wanda ya san yadda rana take yi a can ba zai ga laifinsu ba. A Paris, yini a ƙarshen Disamba bai wuce awa takwas da 'yan mintoci ba, a Yuni kuwa ya haura awa 16. A Stockholm ta ƙasar Suwidin, yinin Disamba kimanin awa shida ne. A garin Tromsø na Nowe, rana ba ta leƙowa ko kaɗan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Mu fa? Abijan tana wajen digiri 5 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bambancin bai kai minti 40 ba. Ko a Kano da Maradi, wajen awa ɗaya da rabi ne. Rana tana fito mana wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen ƙarfe shida, shekara ta zagayo. Don haka wanda ya zo yana tallata mana agogo da sunan maganin damuwar hunturu, ya kawo wa mai rijiya tallan ruwa ne.

Wani zai ce ai mu ma muna da namu duhun. Haka ne. Daga Mayu zuwa Yuli ruwa kamar da bakin ƙwarya, musamman a Yuni, sannan Agusta ya zo da gajimaren da ke rufe sama kwana da kwanaki, shi ne watan da rana ta fi yi mana rowa. Amma a nan ne lissafi yake ba da mamaki. Ana auna ƙarfin haske da wani ma'auni da ake kira luks. Farin wata daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba. Ɗakin da aka kunna wa ƙwan lantarki mai kyau yakan samu 100 zuwa 500. Sararin waje a ranar da hadari ya rufe sama yana kai dubu ɗaya zuwa dubbai. Tsakar rana ƙwal kuwa tana iya kai 100,000. Wato mafi duhun safiyar Agusta a kan titi ta ninka hasken shago sau da yawa. Idonmu ne yake yaudararmu, domin yana saurin sabawa da duk inda ya shiga, sai mu ga kamar ɗakin tas yake.

To me ya sa wannan ya dame mu, tunda dai muna gani? Saboda aikin ido bai tsaya ga gani ba. A farkon shekarun 2000 masana suka tabbatar da wasu ƙwayoyi a cikin ido waɗanda aikinsu shi ne su gaya wa ƙwaƙwalwa yanzu rana ce ko dare. Saƙonsu yana zuwa wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa wanda shi ne agogon jiki, mai tsara lokacin barci da farkawa, da ɗumin jiki, da sakin sinadarin melatonin mai shirya mutum ga barci. Har lambar yabo ta Nobel ta fannin likitanci ta 2017 an ba Amurkawa uku ne, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, saboda gano yadda wannan agogo yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta. Hasken safiya yana jawo agogon baya, mutum ya ji barci da wuri. Hasken dare yana tura shi gaba, mutum ya kwanta ido biyu. A 2013 wani mai bincike a Colorado, Kenneth Wright, ya kai mutum takwas daji suka yi mako guda ba lantarki ba waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso da kimanin awa biyu.

Akwai kuma babban binciken da aka buga a 2023 kan mutum kusan 87,000 a Birtaniya, waɗanda suka ɗaura ma'aunin haske a hannu na mako guda. Waɗanda suka fi samun haske da rana, an ga ciwon damuwa ya ragu a cikinsu da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Waɗanda suka fi shan haske da dare, ya ƙaru da kimanin kashi 30. Gaskiyar magana, irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, domin mai damuwa ma yakan ƙi fita, ya kuma raba dare yana latsa waya. Duk da haka saƙon a fili yake: jiki yana son rana mai haske da dare mai duhu. Mu kuwa mun juya abin.

Dubi yinin ƙanena. Yana fita bayan asuba, gari bai gama wayewa ba, ya shiga bas ɗin SOTRA ko woro-woro ya haye gada ya ratsa Plateau. Kafin rana ta ɗaga ya shige lungun kasuwa, shagon da ba taga, sai ƙwan lantarki guda. A ciki zai ci abinci, a ciki zai yi sallah. Sai bayan magariba ya fito. Ya dawo gida ga fitilar tsakar gida da ba a kashewa saboda tsoron ɓarayi, ga talabijin, ga waya a gaban fuska har dare ya raba. Irinsa nawa ne? Masu shaguna a cikin kasuwannin Adjamé da Treichville, teloli, masu gyaran waya, waɗanda ke tasowa daga Abobo da Yopougon cikin gbaka tun da duhu. Ga iyayenmu mata da tsofaffi a ɗakunan haya irin waɗanda a nan ake ce wa antire-kushe, ɗaki guda, taga ɗaya ƙarama, ita ma an toshe ta da kwali saboda sauro da idon maƙwabta. Ga 'yan'uwanmu masu gadi, dare a ƙarƙashin fitila, rana a cikin ɗaki.

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Mai sayar da garba a rumfar bakin titi, da mai tura baro, da ɗan dako a tashar jiragen ruwa, da yarinya mai tallan ruwa, su rana ce ta yi musu yawa, abin da suke buƙata inuwa da ruwan sha. Maganata da waɗanda rayuwar birni ta kulle ne, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ajina. Ina koyar da 'yan CM2, yara sittin da 'yan kai. Da na gama nazarin lambobin ƙanena sai na sauke wata manhaja ta kyauta da ke amfani da ɗan idon haske na waya, na auna ajin wata safiya ana yayyafi. Awon waya ba cikakke ba ne, amma yana ba da kwatance. Kusa da ƙofa na samu wajen 300. A benci na ƙarshe bai kai 70 ba, alhali abin da masana gini ke so a aji 300 ne zuwa 500. Na fita tsakar makaranta na tsaya ƙarƙashin bishiya, lamba ta haura 4,000. Kai, sai kunya ta kama ni. Domin ni ne da hannuna na sa aka toshe ramukan bulon taga da leda don kada feshin ruwa ya jiƙa littattafai, damina ta wuce ba a cire ba. Ni ne kuma, da jarrabawar CEPE ta gabato, nake hana su fita hutun ƙarfe goma, in ce a zauna a yi bita. Ina ganin taimakonsu nake yi. A CAFOP an koya mana tsara darasi da riƙon aji, an ce mana a bar iska da haske su shiga, amma ban taɓa ɗaukar hutun nan a matsayin wani ɓangare na lafiyar yaro ba.

Ga yara, maganar ta wuce barci da walwala, ta kai ga idon kansa. Raunin gani daga nesa, wanda ke sa yaro ya kasa karanta allo sai ya matso, yana yaɗuwa a duniya, har wani hasashe da aka buga a 2016 ya ce zuwa 2050 zai iya kama rabin mutanen duniya. Abin da ya fi tabbata wajen kare yaro daga gare shi shi ne zama a waje. A birnin Guangzhou na Sin an yi gwaji a makarantu 12, aka ƙara wa rabinsu minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kashi 30 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka kamu, a ɗaya rabin kuwa kusan kashi 40. An buga sakamakon a 2015. Taiwan ma tun 2010 ta umarci makarantunta su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana. Shi kansa kamfanin Apple, da zai fito da lissafin nan, da maganar idon yara ya kafa hujja. Mu da muke da rana kyauta, mu ne muke kulle yara a aji, su tashi su shiga darasin yamma, su dawo gida su rungumi wayar uwarsu.

Yanzu kuma a yi wa agogon adalci. Ba don shi ba, da har yau muna ɗora laifi a kan kasuwa. Gani ya kori ji, lamba tana farkar da wanda wa'azi bai farkar ba. Ga 'yan'uwanmu da ke Faransa da Beljiyam da Kanada kuwa, masu shiga aiki da duhu su fito da duhu watanni, zai iya yi musu amfani na gaske, su kam damuwar hunturu tana iya kama su, kuma bai kamata su ji kunyar gaya wa likita ba. Amma agogon yana da iyakarsa. Hasken da ya faɗa kan wuyan hannu yake aunawa, jiki kuwa da na ido yake aiki. Hannun riga ya rufe shi, lissafi ya lalace, ka ga mai babbar riga da mai hijabi an cuce su ke nan. Ba ya gano cuta, ba ya kuma warkar da ita. Sannan ga kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa tun Janairun 2023 jaka 75 ne na sefa, sabon agogon nan mafi araha kuwa yana kai ninki biyu na wannan, ban da wayar da dole a haɗa shi da ita. Kasuwa kuma cike take da jabu masu kama da shi, waɗanda ba su da ma'aunin hasken ma sam. Magidancin da zai cire wannan kuɗi don a gaya masa ba ya fita waje, gara ya sa kafinta ya buɗe wa ɗakinsa taga ya saka mata raga.

A garin iyayenmu can jihar Maradi ba a san wannan matsala ba. In sanyi ya sauka, tsofaffi kan fito su jingina da bango su sha hantsi. Harshenmu ma ya yanka yini gunduwa-gunduwa bisa tafiyar rana: asuba, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, almuru. Kafin a kawo agogon bango, da inuwar sanda ladan yake sanin lokacin azahar da la'asar. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye suna kallon sama ne kullum. Mu jikokinsu sai an aiko mana da saƙo a waya muke sanin rana ta faɗi.

Abin da nake kira a yi ba shi da wuya. 'Yan'uwana malamai, mu bar wa yara hutunsu, ko jarrabawa gobe ce. Mu fitar da su duka, har masu son lafewa a aji, in da hali a yi karatun baki ko ƙidaya a ƙarƙashin bishiya. Inuwar waje ta wadatar, ba sai an shanya yaro a rana ba, kuma a kula da zabiya, a ba shi hula da wurin da rana ba ta dukansa. A gargaɗi yara kada su ƙura wa rana ido. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, ku zagaya azuzuwa da waya guda ku auna, ku cire ledar da aka toshe tagogi, a shafa wa bango farin fenti. Masu gina sababbin makarantu a unguwanninmu, Islamiyya da boko, ku tuna tun ran gini ran zane: filin wasa da taga ba ado ba ne. Mai shago ya samu ko minti 20 ne da hantsi ya fito sarari, ya ci abincinsa a waje, ya bar wa maƙwabci amanar shago, gobe shi ma ya rama masa. A fito da tsoho da mai jego tsakar gida da safe. Da dare kuma a rage fitila, a sa labule mai kauri in ta tsakar gida tana shigowa, a ajiye waya nesa da shimfiɗa.

Sai gargaɗi guda, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Kada wani ya karanta wannan ya ce wa mai ciwon damuwa, "Je ka sha rana, za ka warke." In mutum ya yi mako biyu ko fiye ransa a ɓace kullum, ba ya jin daɗin komai, ci da barci sun rikice, balle in ya fara maganar ya gaji da duniya, to asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cibiyar INSP da ke Adjamé, akwai kuma asibitin Bingerville. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma bai hana addu'a ba. Ita ma fitilar nan ta Turawa da ake sayarwa a intanet, kada a saya a yi ta amfani da ita ba shawarar likita, domin akwai masu wani nau'in ciwon da takan tayar musu da shi.

Ƙanena dai ya ga likita, ya kuma sauya tsarinsa. Yanzu sai gari ya waye yake fita, ya taka da ƙafa har tasha, da hantsi kuma ya fito bakin titi ya ci garbarsa a rumfa. Barci ya daidaita, ya koma yi mana musun ƙwallo. Ba zan rantse cewa rana ce kaɗai ta yi aikin ba, amma na san tana ciki. Agogon kuwa tuni ya sayar, har da 'yar riba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Yaya, ai ya riga ya gaya mini abin da zai gaya mini." Ni ma ledar ajina ta fita, ƙarfe goma na bugawa kowa waje, har da malaminsu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a.